Abin da Dillalin Gidaje Yake Komawa Gida da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban ƙungiyar masu gidajen haya da 'yan kwamitinsa, wakilan 'yan haya waɗanda suka fi kowa yawa a wannan zaure kuma suka fi kowa haƙuri, lauyoyin da ke rubuta mana yarjejeniya, dattawan sana'armu da ke zaune a sahun gaba, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, har da waɗanda ba su sami kujera ba suna tsaye a bakin taga: ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku sannu da zama.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama a kan maganar la'adar dillalai, ya kuma ga dacewar a ba mace ɗaya daga cikinmu damar magana kafin a yanke shawara. Waɗanda suka san ni suna kirana Uwar Gidaje. Sunan yana da daɗin ji, amma bari in faɗa muku tun yanzu, ni ma haya nake biya, kuma mai gidana yana zaune a cikin wannan zaure yana kallona.

Ɗan'uwanmu da ya yi magana kafin ni ya ce dillali ƙofa kawai yake buɗewa, ya karɓi abin da ma'aikaci ba ya samu a shekara, don haka a raba la'ada biyu a yar da rabi. Kun tafa masa. Ban ga laifinku ba, domin da ban shiga wannan sana'a ba, da ni ma na tafa. Abin da nake roƙo shi ne ku ara mini kunnuwanku in faɗa muku abin da dillali yake komawa gida da shi, ba abin da ake lissafa masa a bakin titi ba.

Abu na farko, la'adar da kuke ji ba ita ce la'adar da ke shiga aljihu ba. Kuna jin kashi biyar cikin ɗari, sai ku ɗauki kuɗin gida ku buga lissafi, ku ɗora shi gaba ɗaya a kan mutum guda. To gida ba ya zuwa ta hannun mutum guda. Mai gida zai faɗa wa ƙaninsa, ƙanin ya faɗa wa wani dillali, wannan dillalin ya faɗa wa wani, kafin maganar ta iso gare ni. Mai saye kuma direbansa ne ya ji labari, direban ya kai wa abokinsa, abokin ya kawo wa dillalinsa. Ranar da za a biya kuɗi za ku ga mutanen da ba ku taɓa gani ba sun jeru a inuwa, kowa yana cewa ta bakinsa maganar ta bi. Kuma gaskiya suke faɗa, ta bakinsu ta bi. Bayan an gama wannan rabo, sai mai saye ya ja ka gefe ya ce kuɗi sun ƙare a wurin biya, ka yi masa ragi. Sai mai sayarwa ya ce ka dawo jibi. Wannan ma in an yi da kai ke nan. Sau nawa muke haɗa mutum biyu, su yi musabaha a gabanmu su ce ciniki bai yiwu ba, bayan wata guda mu wuce ta layin mu ga labulen mai sayen yana kaɗawa a tagar gidan?

Abu na biyu, ana ganin ranar da dillali ya samu, ba a ganin watannin da bai samu ba. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, ba shi da ranar da zai ce yau ce ƙarshen wata. Kuɗin mota daga aljihunsa, kuɗin waya daga aljihunsa, ruwan da zai saya wa mai duba gida daga aljihunsa. Zai nuna wa mutum gida bayan gida, mutumin ya ce zai yi shawara da iyali, shawarar da ba ta ƙarewa.

Akwai kuma abin da ba a sa shi a lissafi, wato jira. Jama'a, rabin rayuwar dillali a cikin gidan da babu kowa yake yin ta. Ka zo da wuri ka buɗe tagogi don warin rufi ya fita, ka share ƙofar gida, ka nemi bulo ka zauna. Mai saye ya ce ga shi nan a hanya. Kana jin takunka yana amsawa a ɗakuna, kana ganin inda aka cire hoto a bango, kana ganin ƙusar da wata mata ta rataye madubinta. Gidan wasu ne jiya, gidan wasu ne gobe, kai kaɗai ne a tsakani. In ka gaji ka sake kira, sai ka ji waya a kashe. Ka rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya, ka sa kwaɗo, ka tafi. Ba wanda ya san ka zo, ba wanda ya san ka tafi.

Abu na uku shi ne ya fi nauyi, kuma ba zan iya bayyana shi ba sai da labarin mutumin da ya koya mini wannan aiki. Dattawan da ke sahun gaba sun san shi. Mai Lema ake ce masa, domin rana ko ruwa ba ya rabuwa da baƙar lemarsa, kuma ba kansa yake rufewa da ita ba, mai duba gida yake riƙa wa.

Na san shi ne bayan rasuwar maigidana, lokacin da na je neman ƙaramin wuri da zan iya biya. Ya kai ni wani gida, na shafa bango na ce masa wannan ɗakin yana jan ruwa da damina, an dai lulluɓe shi da sabon fenti. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, kina da ido. Kina da abin yi kuwa?" Na ce babu. Ya ce, "To gobe ki biyo ni." Tun daga ranar nake cin abinci a wannan sana'a.

Darasin farko da ya ba ni ba na gida ba ne, na sutura ne. Ya ce, "Ƙanwata, mutum ba ya miƙa makullin gidansa ga wanda ya ga alamar yunwa a jikinsa. Ko ba ki karya ba, ki goge mayafinki." Shi kuwa kullum fes yake. Riga a goge, takalmi yana sheƙi, ga ƙamshin turare. Duk wanda ya gan shi zai rantse yana da gidaje a ɓoye. Wannan shi ne tarkon sana'armu: dole ka yi kama da mai kuɗi kafin a ba ka aiki, in ka yi kama da mai kuɗi kuma kowa ya ɗauka kana da shi, har 'ya'yan cikinka.

Wata shekara ya sami babban gida mai hawa uku a bakin titi, gidan gado. Magadan ba sa ga maciji da juna, wannan ba ya shiga inda wancan yake. Mai Lema ya fi shekara yana zarya a tsakaninsu, yau yana wurin babban wa, gobe yana wurin ƙanwar da ke aure a wata unguwa mai nisa, yana lallashi, yana kai saƙo, yana shan zagin da ba nasa ba. Daga ƙarshe gida ya sayu. Kafin a gama sa hannu gari ya ɗauka, masu shaguna a layinmu sun riga sun lissafa masa la'adarsa, har da motar da zai saya.

Ina wurin aka yi rabon. Kowane magaji ya zo da nasa dillalin. Mai saye ya zo da nasa mutanen. Babban wa ya ba da wani abu daga cikin la'adar da ke kan magada ya ce sauran sai an zauna, kuma har yau ba a zauna ba. Abin da ya iso hannun Mai Lema, in an cire abin da ya kashe a wannan zarya, bai fi abin da zai riƙe mutum ɗaya 'yan watanni ba.

A cikin wannan makon 'yarsa ta zo ofis. Ofishin namu shago ne ƙarami, tebur ɗaya, benci ɗaya, da allon da muke rataye makullai. Ita kaɗai Allah ya ba shi, mahaifiyarta kuma ta rasu da daɗewa. Mijinta tela ne, likita ya ce sai an yi masa aiki a ciki, kuma ba a son a jinkirta. Ta durƙusa ta gaishe shi ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko duk abin da ya rage masa ya miƙa mata. Ta duba, ta ɗago kai.

Ta ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Shi ke nan abin da ke hannuna."

Ta ce, "Baba, duk gari ya san abin da ka samu. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da na yi aure."

Ya mai da idonsa kan allon makullai. Ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ta fita.

Na ce masa, "Yaya, me ya hana ka yi mata bayani? Ga ni nan shaida." Ya ce, "Ƙanwata, 'yata tana da miji, miji yana da dangi, dangi suna da baki. Ranar da aka ji Mai Lema ya sayar da gida mai hawa uku bai iya biyan kuɗin asibiti ba, ranar sana'ata ta mutu. Za a ce ko an raina ni ne, ko kuwa hannuna ba ya riƙe kuɗi. Wa zai sake ba ni makulli?" Ya kuma roƙe ni kada in ce mata komai, ni kuma ban saɓa maganarsa ba.

An yi wa telan aiki, amma sai da suka sayar da kekunan ɗinkinsa. Ya tashi lafiya, ya koma yi wa wani aiki a shagon da ba nasa ba. Ita kuwa ta ɗauke ƙafa daga wurin mahaifinta. Ba ta yi masa rashin kunya ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. In ya kira za ta ɗauka, ta ce lafiya lau, yara lafiya lau, shi ke nan. In ya je gidansu za a shimfiɗa masa darduma a kawo ruwa, ta shige ciki da aiki. A hankali ya rage zuwa. 'Yan'uwansa ma da suka ji labari suka ce ai dama sun san shi, mutumin da ya hana 'yar cikinsa wa zai ba? Suka daina kiransa in abu ya taso a dangi, sai dai ya ji a bakin wasu.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Da safe ya zo ofis fes da lemarsa, ya ɗauki makullai ya fita. Yana sa iyalai a gidaje, yana nema wa amarya da ango wurin zama, yana sasanta ɗan haya da mai gida, kowa ya yi masa godiya a bakin ƙofa ya shiga ya rufe. Da yamma in na ce zan tafi yara suna jirana, sai ya ce, "Je ki, ni zan ɗan ƙara zama." Ba aiki yake yi ba. Ba shi dai da abin da zai yi saurin komawa ya tarar.

Bara, wata rana da hantsi, ya tafi nuna wani gida a ƙarshen gari. La'asar ta yi bai dawo ba, ina ta kira ba a ɗauka. Na hau mota na bi shi. Na tarar da ƙofa a buɗe, tagogi a buɗe, ya share tsakar gida tas. Yana kwance a ƙasan falo, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi, bakinsa ya karkace. Wayarsa tana kan taga inda ya ajiye ta don a can ake samun layi, yana jin tana ƙara, ba ya iya kai hannu. Mai sayen da yake jira bai zo ba, bai kuma kira ba.

A asibiti na kira 'yarsa. Ta zo da gudu, ba ta tsaya tuna komai ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kawo masa kayan sawa da bargo. 'Yar ta juyo ta ce da ni, "Gwaggo, ina ne gidan nasa yanzu? Ya ce mini ya tashi daga tsohon, kullum in na tambaya sai ya ce yana kan gyara."

Na kai ta. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon sayar da fenti, sai ka bi ta lungu ka sunkuya. Katifa a ƙasa, risho a kusurwa da tukunya ɗaya, kofi ɗaya, bokiti. A jikin bango igiya ce, riguna uku a rataye, a goge, an lulluɓe su da leda don ƙura. Ga dutsen guga, ga burushin takalmi, ga kwalbar turare an kife ta a kan murfinta don ɗigon ƙarshe ya taru. A kan taga hoton jikokinsa ne, tun suna ƙanana.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Sannan ta shiga ta zauna a kan katifar.

Ta ce, "Gwaggo, nan yake kwana?"

Na ce nan ne.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin ki zo ofis ranar nan."

Ta ce, "To abin da ya ba ni…"

Na ce, "Shi ke nan abin da yake da shi. Bai rage ko na mota ba, ni na biya masa da yamma."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta sauke rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ninke su a hankali yadda karin gugar ba zai ɓaci ba. Da muka koma asibiti ta zauna kusa da kansa ta ce, "Baba, me ya sa?" Harshensa ya yi nauyi, sai da ta kai kunne. Ya ce, "Kina da naki nauyin."

Yanzu yana gidanta. Telan nan da aka sayar da kekunansa, shi yake yi masa wanka, shi yake yi masa aski, Allah ya saka masa da alheri. Amma da safe kowa ya fita nema, yara su tafi makaranta, ya rage shi kaɗai a kan kujera da waya a cinya. A cikin duk mutanen da ya sa a gidaje tsawon rayuwarsa, ban ji wanda ya zo duba shi ba. Ba mugunta ba ce. Mutum ba ya tuna dillali bayan ya shiga gida, kamar yadda ba ya tuna direban da ya kawo masa kaya.

Jama'a, ban zo in ce dukanmu mutanen kirki ne ba. Akwai masu karɓar kuɗin duba gidan da ba su da makullinsa. Akwai masu ƙara kuɗi a kan abin da mai gida ya faɗa. Akwai masu ba da ɗaki ɗaya ga mutum biyu. Ku kawo mana sunayensu, mu da kanmu za mu kore su, domin mu suke ɓata wa suna. Akwai kuma waɗanda suka yi arziki a wannan sana'a, ba na musu, amma ku ƙirga su, za ku ga yatsunku sun ishe ku.

Roƙona ga wannan taro shi ne kada ku raba la'ada biyu, domin abin da za ku raba an riga an raba shi kafin ya iso mu. Abin da ya kamata shi ne a fito da ita fili. A rubuta ta a cikin yarjejeniya, a faɗe ta a gaban mai saye da mai sayarwa, a san wa da wa za su ci a ciki, a biya ta ranar da aka biya kuɗin gida. In aka yi haka ɗan haya zai san abin da ya biya, mai gida zai san abin da aka karɓa da sunansa, iyalin dillali ma za su san gaskiyar abin da ya samu. Ku kuma 'yan'uwana dillalai, lokaci ya yi da za mu kafa asusun da zai riƙe wanda ya kwanta a cikinmu, mu kuma daina jin kunyar faɗa wa na gida halin da muke ciki. Guga ta waje ce. A cikin gida a faɗi gaskiya.

Zan rufe da abin da ya faru a watan jiya. Na je gaishe shi, ya ce yana so in fita da shi ya sha iska. Na ɗauko tasi muka sa shi a baya. Ya yi ta nuna hanya da hannunsa mai lafiya har muka shiga wani ɗan layi, ya ce a tsaya a gaban wani ƙaramin gida. Ya ba ni labari cewa shekarun baya wani saurayi da matarsa suka zo masa da ɗan kuɗin da bai kai ba, ya yi ta bin mai gidan har ya yarda a biya shi kashi-kashi, shi kuma ya yafe tasa la'adar.

Muna nan zaune sai mai gidan ya fito, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa, yana riƙe da hannun ƙaramar 'yarsa. Ya ga mota a ƙofarsa ya matso ya leƙo. Ya dubi Mai Lema ido cikin ido, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, wa kuke nema?"

Na buɗe baki zan yi magana, Mai Lema ya dafa hannuna. Ya ce, "Ba kowa, ɗana. Wucewa muke yi."

Mutumin ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ja 'yarsa suka tafi. Direba ya tayar da mota. Mai Lema ya juya yana kallon gidan ta gilashin baya har muka sha kwana. Ina jira in ji ya ce wani abu a kan mutumin. Sai ya ce, "Ƙanwata, kin ga sun dasa bishiya? Na faɗa musu ƙofar nan tana son inuwa."

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Ka rufa wa mai gida asiri, ka rufa wa ɗan haya asiri, ka rufa wa wanda ke tsaye a tsakaninsu asiri. Wanda ba shi da muhalli ka ba shi, wanda yake da shi ka sa masa albarka a ciki, ka kuma ba shi waɗanda zai tarar in ya koma. Ka sa shawarar da za a yanke a wannan zaure ta zama alheri ga kowa, ka mai da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaba, jama'a baki ɗaya, kun yi haƙuri da ni har ƙarshe. Na gode.